Shekarar da Baba Tsoho Ya Kai Ciwon Bayansa Gida

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora man kaɗe a wuta tana narkarwa, iska ta kwaso ƙanshin ta tsallako da shi katanga. Ina cikin shara, sai na ga na tsaya da tsintsiya a hannu. Kai mai karatu, ban sani ba ko akwai ƙanshin da yake yi maka haka. Ni dai da na ji man kaɗe ya fara zafi, sai in koma 'yar shekara goma, ina tsaye a kan bayan kakana, tafin ƙafata yana santsi, hannuna ɗaya dafe da bangon ɗaki don kada in zame.

A wani ƙauye na tashi a ƙasar Birnin Gwari, gidanmu ne na ƙarshe kafin a shiga daji. Iyayena suna sashe ɗaya, kakannina suna ɗayan, ni kuwa tun da aka yaye ni aka miƙa ni sashen tsofaffi. Kakana namiji muna ce masa Baba Tsoho, matarsa kuma Iya. Ita Iya 'yar ƙasa ce, a nan aka binne cibiyarta. Shi kuwa daga ƙasar Gobir ya zo yana saurayi, da gatari da tabarma, cin rani. Niyyarsa ya yi saran itace na rani guda ya koma kafin ruwa ya sauka. Sai ya ga Iya a kasuwa tana sayar da daddawa. Rani guda ya zama shekara arba'in da ɗoriya, ya sari gona, ya gina gida, ya haifi 'ya'ya har da jikoki, amma bakinsa bai taɓa saki ba. Har ya tsufa Gobiranci yake yi, kuma in ya ce “gida”, kowa ya san ba inda muke zaune yake nufi ba.

Tun da na yi wayo na san shi da ciwon baya. A ƙugu yake kama shi, ya sauko ta cinyar hagu. Kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya shimfiɗa tabarma ya kwanta rubda ciki. Iya ta narkar da man kaɗe da dakakkiyar citta ta shafa masa, ni kuma in hau in tattaka. Sunan yayarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Yaya ƙarama yake ce mini. In na taka daidai wurin sai ya yi wani dogon nishi, “Waaash!”, har kaji su watse. Daga nan sai ya faɗi maganar da na haddace kamar karatun allo:

“Wanga ciwo ba nawa na ba, na dajin ga na. Rad da nit taka rairayin garinmu, nan za ni aje shi.”

A ganinsa raɓar daji ce ta shige masa ƙashi. Ya ce shi ɗan ƙasar rana ne, jikinsa da zafi aka gina shi, da fura da ruwan rijiya mai zurfi. Ya zo ƙasar da ciyawa take fin mutum tsawo, inda tufafi suke yin fumfuna a cikin akwati, dole ƙashi ya yi tsami.

Iya ba ta taɓa yarda da wannan ba. Ita ta ce wani ƙaton maje ya sare a bakin rafi shekarar da ya zo, bai yi sallama ba, bai nemi izinin masu wurin ba, don shi baƙo ne bai san ladabin daji ba. Ga wata Bagwariya mai kawo mana doya da itacen girki, ita kuma in ta sauke kayanta daga kafaɗa ta ji yana nishi, sai ta yi dariya ta ce mu Hausawa ne muke jawo wa kanmu, kai da Allah ya yi don tunani mun mai da shi jaki, ina baya zai zauna lafiya? Wanzamin ƙauyenmu ya ce mataccen jini ne, yakan zo ya kafa masa ƙaho ya nuna mana baƙin jinin a matsayin shaida. Baba Tsoho yana karɓar maganin kowa, ya sha na sha, ya shafa na shafawa, amma bayanin kowa a ƙofar kunne yake barinsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa cewa komai ba, wani dattijon Bafulatani, amininsa. Duk shekara in an gama girbi yakan gangaro da shanunsa daga arewa, ya sauka a gonarmu su ci kara su bar mana taki, in ruwa ya kusa ya koma. Da la'asar yakan zo su zauna a gindin ɗorawar ƙofar gida. Baba Tsoho ya yi ta lissafa masa yadda ciwon ya kwana da yadda ya tashi, shi kuwa yana zaune a miƙe kamar sandarsa, yana murmushi, abin da zai ce bai wuce “Sai haƙuri” ba. Iya takan ce, “Ka ga namiji. Su a wurinsu faɗin ciwo abin kunya ne, kai kuwa har kaji sun san naka.”

Da damina abin ya fi tsanani, ita ce kuma lokacin da na fi so. Daji yakan yi kore shar har ya yi duhu, rafi ya cika ya riƙa magana shi kaɗai. Mu yara mu fita da sassafe tsintar kaɗanya, mu dawo zannuwanmu sharkaf da raɓa, bakinmu duk zaƙi. Iya da sauran mata su tara ƙwallayen, su shanya, su soya, su daka, gida ya ɗauki ƙanshi kwana da kwanaki. Ga gara in an yi ruwan farko, ga naman kaza a gindin kututture, ga birai suna leƙen masara daga kan bishiya muna korarsu da gwangwani. Ni ban san akwai wata ƙasa da ta fi wannan ba, kuma ban ga abin da zai sa mutum ya yi kewar rairayi ba.

Shekarar da nake aji huɗu a firamare, ciwon ya kwantar da shi tun daga noman farko har aka yanke dawa. Sallah ma a zaune ya riƙa yinta. Da ya samu ya miƙe, sai wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara gida. Ya ce ya yanke shawara: zai sayar da gona, mu tattara mu koma Gobir gaba ɗaya, ba zai bari dajin nan ya ƙarasa shi ba. Ya ma riga ya yi magana da wani mai son gonar.

Mahaifina ya sunkuyar da kai, don bai taɓa yi wa ubansa musu ba. Mahaifiyata ta shige ɗaki. Ni kuwa na tuna makarantarmu, da ƙawayena, da bishiyar kaɗanyar da na sa wa ido tun tana fure. Na fashe da kuka a gaban kowa. Iya ce kawai ba ta girgiza ba. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba ta ce:

“Malam, ba a sayar da akuya a kan labarin saniya. Je ka ka gwada tukuna. In ka dawo a miƙe kamar taɓarya, ni zan fara ɗaure kaya. In kuwa ka dawo da abinka, kada in ƙara jin zancen.”

Ya ce ya yarda, don ba shi da ko shakka. Aka tsai da tafiya sai bazara, lokacin da rairayi ya fi zafi, ya kuma dace da hutun makaranta. Ya ce da ni zai tafi, in ga takwarata, wato yayar tasa, ita ma ta gan ni. Rabonsa da garin tun kafin a haife ni.

Ana gobe tafiya Iya ta haɗa tsaraba: daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da doya, da ƙullin man kaɗe babba a cikin ganye, da sassaƙen itatuwa iri-iri da take dafa masa. Ya ce a cire sassaƙen, inda za shi ba a bukatarsu. Ta ce to, ta cire daga buhunsa ta tura a cikin ƙullin kayana.

Wannan ce tafiyata ta farko a mota mai nisa. Muka bi ta Funtuwa, muka wuce Gusau, ina manne da taga ina kallon yadda bishiyoyi suke raguwa, suna gajarta, har suka koma ƙaya da tumfafiya. Sama ta yi faɗi, ban taɓa ganin ta sauko har ƙasa ta kowane gefe ba. Baba Tsoho kuwa kamar an rage masa shekaru. Kowane rami mota ta faɗa sai ya cije leɓe, amma bakinsa bai rufu ba, yana nuna mini raƙuma, yana gaya wa fasinjoji shekarunsa nawa rabonsa da gida. Kafin mu sauka duk motar ta san labarin bayansa, har wata mata ta ba shi dabino ta ce ya yi mata addu'a in ya warke.

Da muka isa ba mu tarar da takwarata ba, ta tafi wani ƙauye wankan jegon jikarta. Babban ɗanta ne ya sauke mu, ya aika a gaya mata. Aka dama fura da nono mai kauri, Baba Tsoho ya sha har yana lumshe ido, ya sha ruwan rijiyarsu ya ce rabonsa da ruwa tun da ya bar nan. Tsofaffin gari suka yi ta zuwa, ana tafawa, ana tuno waɗanda suka rasu, ana dariyar waɗanda suka rage. Yara kuwa suka kewaye ni suna sa ni magana don su ji Hausata, in na ce “me” su ce “mi”, su kwashe da dariya.

Washegari da hantsi aka fara magani. Akwai busasshen gulbi a bayan gari, rairayinsa fari tas, mai laushi kamar gari. Samari suka haƙa rami marar zurfi, ya kwanta a ciki, aka rufe shi da rairayi mai zafi tun daga ƙafa har ƙirji, aka kifa masa malfa a fuska. Ni aka ba ni buta in riƙa ba shi ruwa. Gumi ya riƙa tsattsafo masa, yana ta hamdala, yana cewa yana jin raɓar tana fita. Da aka tono shi ya miƙe ya yi taku goma ba sanda. Kowa ya yi kabbara. Ni kaɗai ce ban yi murna ba, kuma na ji kunyar kaina, ga kakana ya sami sauƙi ni kuwa ina lissafin abin da zan rasa.

Amma da yamma na ga yana dafa bango in zai tashi. Kwana na biyu aka sake turbuɗa shi, sauƙin bai kai azahar ba. Ya ce ai raɓar shekara arba'in ba ta fita a kwana biyu.

A rana ta uku, yana cikin rairayi, sai ga jaki ya gangaro gulbin, wata tsohuwa a kai, wani saurayi yana ja. Aka kama ta aka sauke. Tana taka ƙasa ta kai hannu ta dafe ƙugunta, daidai gefen hagu, ta ce, “Waaash!” Wallahi da ba da idona na ga bakinta ya motsa ba, da na rantse daga ƙarƙashin malfa muryar ta fito. Ta tako a duƙe, tana jan ƙafar hagu, ta sa sandarta ta ture malfar. Suka kalli juna. Ta ce:

“Ƙanena, mi kaka yi cikin rairayi awa ƙwan kada?”

Ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe ta, rairayi ya hana. Daga kwancen ya yi mata bayani, raɓar daji, da ƙashin da ya yi tsami, da gonar da zai sayar. Tana saurare har ya gama. Sai ta zauna a kan rairayin a hankali, ta fara dariya, irin dariyar da ba ta da sauti da farko, sai kafaɗu suke rawa, har hawaye suka zubo mata.

“To ni wace raɓa tak kama ni?” in ji ta. “Ni da ban taɓa ƙetare Gusau ba?”

Ta ce shekararta goma sha da wannan ciwo. Ta ce mahaifinsu ma da shi ya ƙare rayuwarsa, bayan Baba Tsoho ya tafi, kuma a wannan gulbin aka riƙa turbuɗa shi duk bazara, bai hana shi tafiya a duƙe ba. Shi a nasa ganin jan guga ne ya karya shi. Da Baba Tsoho ya zo gaisuwar rasuwarsa ba wanda ya ga dalilin tayar da zancen. Ita kuwa abin da ta ɗauka shi ne ƙasarsu ce ta bushe, babu itacen magani, zafi ya ƙone mata ɓargo. Duk shekarun nan tana gaya wa mutane cewa tana da ƙane a ƙasar daji, inda kowace bishiya magani ce, ran da ya zo da sassaƙe ta warke.

“Ina nan ina jiran itacenka,” ta ce, “kai kuma ka taho neman rairayina.”

Na dubi Baba Tsoho, na ɗauka kuka zai yi. Sai dariya ta ƙwace masa, yana yi rairayin ƙirjinsa yana tsagewa, yana cewa wash, yana ƙara yi. Samarin da suke tsaye suka kama, ni ma na kama, ban ma san lokacin da butar ta kife ba.

Da muka koma gida na kwance ƙullina na fito da sassaƙen Iya. Takwarata ta karɓa da hannu biyu, ta sansana, ta sa mini albarka har na gaji da cewa amin. Aka dafa mata ta sha, aka shafa mata man kaɗe, ta ce ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba. Baba Tsoho ya buɗe baki zai ce shekara nawa yana shan wannan, sai ya fasa.

Mun ƙara kwana goma. Bai sake zuwa gulbi don magani ba, sai dai su tafi da yamma shi da ita, kowa da sandarsa, su zauna a rairayin in ya huce, suna hirar iyayensu. Ita ta koya mini kaɗin zare, ta yi mini hudar kunne ta biyu, ta ba ni wani ɗan ƙaramin tulu da na riƙe a cinya har gida. Wannan ne ganinsu na ƙarshe da juna, kuma ina jin sun sani, amma ban ga sun yi rabuwar baƙin ciki ba. Tana tsaye a bakin hanya tana ɗaga masa sanda tana cewa ya gaida raɓa.

A hanyar dawowa bai yi surutu ba. Mun baro Funtuwa ke nan muka tarar an yi ruwan farko. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo motar, doka da maje suka fara bayyana da sabon ganye ja-ja. Ya shaƙi iskar, ya taɓa ni ya ce, “Tashi, Yaya ƙarama, mun kusa gida.” Ranar na fara jin ya ce “gida” yana nufin ƙauyenmu.

Iya tana bakin murhu muka shiga. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ga shi a duƙe ya fi yadda ya tafi saboda wahalar mota. Ta ce, “Sannu da zuwa, taɓarya. In fara ɗaure kayan?” Ya ce ta ba shi ruwa tukuna. Da ya sha ya ce, “Ashe abin gado na.” Ta ce ita dai har yanzu tana nan a kan maganar majenta. Washegari ya aika wa mai son gona cewa an fasa.

Amininsa Bafulatani yana shirin komawa arewa a lokacin, ya zo sallama. Baba Tsoho ya kwashe labari duka ya gaya masa. Dattijon ya yi murmushi, sa'an nan ya ɗan ja rigarsa ya nuna gwiwarsa ta dama. Ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Ya ce tun yana da ƙuruciya yake tare da ita, duk shekara yana kai ta arewa yana dawo da ita kudu, da ciwo yana zama a gari da tuni ya baro shi a wani wuri. Baba Tsoho ya riƙe baki ya ce don me bai taɓa faɗa ba? Ya ce, “Kai kana faɗin naka, ni ina jin sauƙin nawa. Ai ya ishe mu.” Ranar Iya da kanta ta kawo wa dattijon man kaɗe, ya karɓa yana kau da kai.

Baba Tsoho ya ƙara shekara tara a duniya. Ciwon bai bar shi ba, nishin safe ma bai ragu ba, amma ya daina fushi da daji. Har yakan sa a kai masa tabarma bakin gona da damina ya zauna yana kallon masara. In baƙo ya tambaye shi jiki, sai ya ce, “Mu nan gidanmu ba mu gadon shanu, baya muka gado.” A ƙauyen aka binne shi, Iya ta bi shi bayan shekara biyu.

Yanzu ina Kaduna da iyalina. Ƙauyenmu ya watse tun da daji ya daina zama na masu tsintar kaɗanya, gonar da aka ƙi sayarwa ban san wanda yake taka ta ba. Mahaifina yana wurina, kuma duk wata nakan kai shi asibiti a duba ƙugunsa. An ɗauki hoton ƙashin, likita ya nuna mana inda ya goge, ya rubuta ƙwayoyi da motsa jiki. Ban raina wannan ba, yana taimaka masa ƙwarai. Sai dai na lura a kan bencin jira ake yin rabin jinyar. Yawancin tsofaffin da suke zama a wurin daga wani wuri aka taso su, kuma kowa da bayanin da ya zo da shi. Wani ya ce kwanan siminti ne, wata ta ce ruwan famfo, wani ya ce zaman banza ne ga mutumin da ya saba da fartanya. Da ina yarinya da na ce a cikinsu wani ya yi kuskure. Yanzu sai in ji kowa yana gaya mini abin da ya baro ne.

A zuwanmu na watan jiya wata tsohuwa ta zauna kusa da mahaifina, tana ta nishi, jikarta tana yi mata fifita. Da ya yi mata sannu ta amsa, sai ya ji harshenta ya tambaye ta daga ina. Ta ce daga wajen Gwaska, can ƙasarmu. Shi ke nan. A cikin hira suka shiga kasuwar Birnin Gwari rumfa rumfa, suka bi rafuka suna kiran sunayensu, suka yi gardama a kan inda ɗorawa ta fi zaƙi. Har aka kira ta, ta shiga ta fito, ta dawo ta ƙarasa masa labarin wata shekara da birai suka cinye musu gyaɗa. Sa'an nan ta yi sallama ta nufi ƙofa tana ta dariya, jikar tana bin ta da sauri.

Sai da suka kai bakin titi na ga sandarta a jingine da benci. Na ɗauka na bi su da gudu. Na miƙa mata na ce, “Iya, ashe kin warke.”

Ta karɓa, ta dogara a kai, ta dafe ƙugu da ɗayan hannun.

“Ina fa, 'yar nan,” in ji ta. “Ba warkewa na yi ba, mantawa na yi.”